Ƙwaya Ɗaya Ta Tsare Dubu

Shekarar da fari ya ƙone mana gero a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, abin da ya rage a gidanmu shi ne ƙwarya ɗaya ta irin gyaɗa. Kakarmu Iya ce ke riƙe da ita. Mu jikoki bakwai kuwa idonmu na kanta, domin kwaɗon rama ba ya kai yaro ko'ina. In muka cinye, babu abin shukawa.

Iya ba ta taɓa hana mu da tsawa ba. Da an idar da magariba sai ta jawo mu bakin murhu ta ce, "Ga ta nan, ga ta a kan faifai." Mu ce ta zo mu ji ta.

Wai wasu kurege bakwai ne suka tono gyaɗar wata tsohuwar kurciya, ƙwaya dubu ɗaya da tara. Kurciya ta ce ta ba su halak malak, amma sai sun raba daidai, kada ko ɗaya ta yi saura. Suka raba, ɗaya ta rage. Suka kori ƙaraminsu suka zama shida, ɗaya ta rage. Suka kirawo baƙo suka zama takwas, ɗayar dai tana nan. Suna cikin gardama ruwa ya sauka, gyaɗa ta tsiro a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Na ce ai kuregen nan sakarkaru ne. Iya ta dube ni ta ce, "To, maigidana mai wayo, ga tawa, ita ma dubu da tara ce. Ku raba daidai, in soya muku yanzu."

Ta juye ƙwaryar a tabarma. Muka yi ta ɗaya naka ɗaya nawa har muka zo ƙarshe, sai ga ƙwaya guda tana kallonmu. Iya ta ƙyalƙyale da dariya har tana share hawaye, ta tsince ta da kanta ta mayar cikin 'yan uwanta. Washegari muka jawo ɗan maƙwabta, jibi muka jawo biyu, gata muka rage kanmu muka koma mu huɗu. Kullum sai ɗayar nan ta rage. Muka sa mata suna Mai Taurin Kai, muna yi mata waƙa, muna mantawa da kukan cikinmu. A haka hadari ya haɗo, aka shuka gyaɗar ba ta yi giɓi ba.

Yau ni malamin lissafi ne. Na san dubu ɗaya da tara tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Dubu ɗaya da takwas kuwa, maƙwabciyarta, ba ta da gardama: biyu, uku, huɗu, shida, bakwai, takwas, tara, duk suna raba ta tsaf. Ran da na gano haka a gaban allo, dariya ta kama ni har ɗalibai suka zuba mini ido. Ashe da ɗayanmu ya jefa ƙwayar nan a baki, da kowa ya tashi da ɗari da arba'in da huɗu, gonarmu ta kwana babu iri.

Iya ba ta taɓa riƙe alli ba, ban kuma san dare nawa ta yi tana gwadawa ita kaɗai ba. Amma yanzu na gane dalilin da ya sa hannunta kullum yake riga namu kaiwa kan ƙwayar nan. Allah ya jiƙan Iya, har yau ina kewarta.