Ranar da Rezka Ta Yi Shiru a Hannun Lovro

Lovro na unguwar Mlino matuƙin pletna ne, wato jirgin katakon da ke kai baƙi tsibirin da ke tsakiyar tafki, haka ubansa, haka kakansa, domin a Bled ba a sayen wannan sana'a a kasuwa, gadonta ake yi. Ni Bolte, wanda ya sassaƙa jiragen rabin matuƙan tafkin nan, ni na ƙera nasa, kuma har ya tsufa ruwa bai taɓa ratsa katakonsa ba. Saboda haka labarin da zan bayar na wanda na sani ciki da bai ne.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, damatsansa kamar turmi, ƙafafunsa kuwa kamar na zalɓe, sai ka ce duk abincin da ya ci a sama yake tsayawa. A tsaye yake tuƙi kamar kowane ɗan pletna, filafili biyu a hannu, baƙi zaune a ƙarƙashin rumfa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne baki. Daga gaɓa har tsibiri ba ya yin shiru. Zai nuna wa baƙi Dutsen Triglav ya ce sau biyu ya hau shi da silifas. Zai ce tafkin ba shi da ƙasa, kuma akwai wani kifi a ciki da ya haɗiye laimar wata matar Vienna, har yau idan hadari ya taso yakan buɗe ta. Baƙi su yi ta dariya, gobe su dawo suna tambayar jirgin mai ƙaryar nan.

Ranar aure kuwa sallarsa ce. Kowa ya san al'ada: ango zai ɗauki amarya a hannu tun daga bakin ruwa, ya hau da ita doguwar matakalar dutsen nan har ƙofar cocin tsibiri, shi bai sauke ta ba, ita ba ta ce uffan ba. Lovro yakan ɗaure jirginsa a gindin matakala, ya kishingiɗa, ya buɗe makogwaro.

"Ango, sauke ta ka sha iska mana, ai ba gudu za ta yi ba! Amarya, gaya masa wandonsa na zamewa!"

Angwaye da yawa sun haɗiye wannan baƙin ciki, sun adana shi. Shi kuwa har furfura ta fito masa bai yi aure ba.

Mutum ɗaya ce a faɗin garin take rufe masa baki, ita ce Rezka, gwauruwar da ke sayar da gurasar potitsa a mashigar jirage. Allah ya yi mata cikar jiki, ya kuma yi mata harshe kamar kogin Sava lokacin narkewar ƙanƙara. Shekara da shekaru Lovro yakan tsaya gaban teburinta, hula a hannu, ya ce, "Rezka, dama ina so in ce..." Sai ta karɓe, ta gaya masa abin da yake so ya ce, da abin da ya kamata ya ce, da farashin zuma a Radovljica. Ya sayi gurasa ya tafi. Da ta ga abin ba zai ƙare ba, wata safiya a gabana ta ajiye wuƙa ta dube shi.

"Kai tsohon gwauro, aurena kake so, ko potitsa ce ta hana ka barci?"

"To, wato..."

"Na ji, na yarda. Amma ka buɗe kunnenka. Marigayi mijina a tsakiyar matakalar nan ya dire ni kamar buhun dankali, ni kuma na zage shi, ka kuwa san irin zaman da muka yi, gari duka ya ji shi ta taga. Ba zan sake ba. In ƙafata ta taɓa dutse kafin ƙofar coci, ko kalma ɗaya ta kuɓuce mini, jirgi zan koma, ka je ka auri filafilinka."

Wanda ya san Rezka ya san ba ta faɗa ta janye. Tun daga ranar Lovro ya shiga horo. Ya ari buhunan gari a wajen mai niƙa, yana rungumarsu yana hawa hanyar tsohuwar fada da ke kan dutse, baƙi suna matsa masa hanya suna ɗaukar hotonsa, a zatonsu wata al'adar gargajiya ce. Ni kuma na ba shi gungumen itace mai nauyin da na kimanta da ido, domin ban sami wanda ya isa ya tambayi Rezka nauyinta ba.

Ranar ta zo a tsakiyar rani, tafki shuɗi kamar an rina, ƙanƙara tana ƙyalli a kan duwatsu. Jirage suka fito sanye da furanni, makaɗa a gaba, baƙin otal-otal a baya cikin ƙananan kwalekwale, har masu iyo sun biyo mu kamar agwagi. Da muka iso tsibiri sai na ga abin da ke jiran Lovro. Duk angon da Lovro ya taɓa yi wa ba'a ya zo, wasu da jikoki a kafaɗa, sun jeru gefe da gefe tun daga ƙasa har sama, suna murmushi irin na kyanwa a bakin ramin ɓera.

Lovro ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya, ya ɗaga Rezka. Tsibiri ya ɗauki ihu.

"Maƙwabci, sauke ta ka sha iska mana!"

"Inna Rezka, wai da gaske ne potitsar matar mai gidan burodi ta fi taki laushi?"

"Rezka, ga wani yana ci miki a cikin kwandonki ba ya biya!"

Fuskarta ta yi ja kamar garwashi, kumatunta suka kumbura, amma leɓe bai motsa ba. Shi kuma ya yi ta hawa. Sai dai buhun gari ba ya numfashi, gungume ba ya huci a kunne. Kafin tsakiya ƙafafun zalɓen nan suka fara kaɗawa kamar kara a iska. Na ga gwiwarsa ta lanƙwashe, takalmin Rezka ya yi ƙasa har saura ɗan yatsa ya shafi dutse. Mata suka riƙe baki.

A nan na gane kuskurenmu. Mutumin nan bai taɓa yin aikin ƙarfi da baki a rufe ba, ga shi yau ya cije haƙora kamar shi aka hana magana.

"Lovro!" na daka masa tsawa. "Amarya aka ce ta yi shiru, ba kai ba! Tuƙa, ɗan uwa, tuƙa!"

Sai ya ja numfashi, ya miƙe, ya jefa ƙafa gaba yadda yake yi a kan jirgi, murya ta fito.

"Jama'a, in kun dubi dama, ga Triglav, wanda na hau da silifas! In kun dubi hagu, ga Franci mai kitse, wanda ya yi kuka a daidai wannan wuri ranar aurensa!"

Kowane taku da jimlarsa, sai ga shi yana hawa kamar ana tura shi. Ya zarce masu ba'a, ya ba kowannensu rabonsa. Can da ya kusa kaiwa, ƙofar coci a buɗe, fada, limamin cocin, tsaye yana miƙo hannu, sai muka ga ya rage sauri. Ya tsaya cik. Ya dubi matar da ke hannunsa, idanunsa suka buɗe kamar wanda ya tsinci zinariya a hanya.

"Af! Rezka, ashe yau ba ki da bakin katse ni!"

Ta zare masa ido, ta nuna ƙofa da haɓa. Bai motsa ba.

"A'a, uwar gida, yau sai na kai aya. Na farko, ni ban taɓa son potitsa ba, tana tayar mini da ƙwannafi, agwagin tafkin nan ne suka yi ƙiba da ita. Ke nake zuwa gani."

Jama'a suka kwashe da dariya har wani baƙo ya zame ya zauna. Rezka ta kama gashin bakinsa ta murɗe. Gumi yana zuba, ƙafafu suna rawa, ya ci gaba.

"Na biyu, tun kina budurwa, ranar da na kawo ki tsibirin nan da wancan mutumin, Allah ya ji ƙansa, na ce a raina da ni ne da ban sauke ba. Na uku, duk duwatsun da nake nuna wa baƙi, in na juyo da jirgi teburinki nake fara nema. Na huɗu..."

"Ɗana, ka kawo na huɗun ciki!" in ji fada. "Za ka kashe mu!"

Hawaye suna gangarowa a fuskar Rezka, kafaɗunta suna girgiza, ta cusa gefen gyalenta a baki ta danne. Lovro ya yi wani gurnani, ya haye abin da ya rage, ya dire ta a kan dokin ƙofar coci, shi kuma ya zube a gefenta kamar rigar da ta faɗo daga igiya. Kowa ya kasa kunne.

Ta zare gyale daga baki, ta ja iska.

"Agwagi? Zumata da man shanuna, agwagi?"

A kan kujera aka ɗaura auren, domin ƙafafun ango sun ƙi karɓar umarni. Da aka gama, aka kaɗa ƙararrawa, matuƙa suka matso za su tallafe shi, sai Rezka ta ture su.

"Ku ba ni wuri, ragwaye, mijina ne."

Ta saɓa shi a kafaɗa, ta kama gangara, makaɗa suna binta, baƙi suna tafi, kansa yana lilo a bayanta yana ɗaga wa mutane hannu. Tun daga sama har bakin ruwa ba ta haɗiyi yawu ba, kuma da jirgi ya kai tsakiyar tafki muna jiyo ta tana tambayarsa mene ne na huɗun.