Nau'i na Biyar

Ranar Talata da ƙarfe shida Solvej ta sha kofi a tsaye, ta ce wa mahaifinta Aksel burodin ya bushe. Ƙarfe bakwai ta hau keke ta fita rabon wasiƙu, aikinta na shekara goma sha huɗu. Ƙarfe biyu tana fadamar bayan gari da rariya, tana tankaɗe gansakuka. Huɗu da kwata, a hanyar dawowa, motar katako ta buge ta a mararraba. Shekararta talatin da shida.

Wani ƙaramin dangin gizo-gizo take bi, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Littattafai sun ce nau'i huɗu ne. Ita ta ce biyar, domin ta ga macen da tsarin cikinta ya saɓa wa sauran. Ta rubuta wa Farfesa Vestergaard na gidan ajiyar halittu. Amsarsa layi biyu ce: ta ci gaba da kai wasiƙun mutane, ta bar wa masana aikinsu.

Mako uku bayan jana'izarta sai ga Farfesan da furanni. Aksel bai ba shi kujera ba. Farfesan ya ɗora kwalba ta 212, wadda macen nan take ciki, a ƙarƙashin madubin Solvej na duba ƙananan halittu, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tambayi inda aka kama ta.

A wannan sana'a, gizo-gizon da ba a san wuri da ranar kama shi ba shara ne. Solvej kuwa lamba kawai take rubutawa da fensir ta jefa cikin kwalba. Wurare da ranaku suna cikin wani koren littafi.

"Ina littafin, Malam Aksel?"

"Yana nan."

"Ai ilimi ba kayan gadon kowa ba ne."

"Haka ne, Farfesa. Ranar da na ga an buga sunanta a kan binciken, a gaban naka, zan aiko maka da shi. Akwai masu raba wasiƙu, sun iya aikinsu."

Farfesan ya tafi da kwalabe ɗari uku da shida, bai yi sallama ba. Keken ya koma gidan waya. Rigar ruwa da takalman fadama aka ba maƙwabciya. Koren littafin yana cikin aljihun teburin Aksel, tare da wasiƙar nan mai layi biyu.