Kwanoni Takwas a Tsakar Gidan Sualihu

Malam Sualihu ɗan Salaga ne, jikan fataken goro, yana koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Yendi. Tun yana jami'a hankalinsa ya tafi ga wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gamma, wanda kan ɓarke daga can ƙuryar sararin samaniya, ya yi 'yan daƙiƙu ya ɓace. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana tare shi, don haka sai tauraron ɗan'adam ke iya kama shi.

Da aka harba wani tauraro a 1991 ɗauke da na'urori takwas, kowace tana duban nata ɓangaren, sai Malam ya riƙa jera kwanoni takwas a filin makaranta in hadari ya taso, ya karkata kowane zuwa wata kusurwa. Yakan ce wa ɗalibai, "Kwanon da ya fi tara ruwa shi ke fuskantar inda iska ta koro ruwan. Haka na'urorin nan ke gane inda hasken ya fito."

A farkon 1994 wata jami'ar ƙasar waje ta ba shi gurbin nazarin waɗannan na'urori, da sharaɗin ya bayyana a Akra kafin wata ya ƙare. Ya zo Salaga sallama, sai mahaifinsa ya rasu. Gidansu kuwa masaukin fatake ne tun zamanin goro, kuma shi ne babban ɗa. Ba a gama zaman makoki ba rikici ya ɓarke a yankin, aka rufe hanyoyi. Baƙo ɗaya ya maƙale a gidan, Alhaji Zibrim, mai fataucin albasa daga Bawku, ga tsufa ga ciwon ƙafa.

Wata safiya aka ce sojoji za su raka motoci zuwa Makango, inda ake hawa jirgin fito. Malam ya ɗauko jakarsa, ya tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Zaliha, a bakin zaure.

Ta ce, "Ina zuwa, mai gida?"

"Inna, ki daina kirana haka. In jirgin yau ya wuce ni, shi ke nan."

"Ubanka bai taɓa yin tafiya ya bar baƙo da kayansa a ƙarƙashin rufin nan ba. Kakanka ma haka."

Alhaji Zibrim ya ɗaga murya daga kan tabarma, "Hajiya, ki bar yaro ya je ya ƙirga taurarinsa! Ni da albasata ai tare za mu ruɓe, ba sai da mai gadi ba."

Malam ya yi dariya, amma da ya dubi kumburarriyar ƙafar tsohon, ya tuna babu wani namiji a gidan da zai tsaya masa in an buga ƙofa, sai ya ajiye jakar. Yana tsaye a zaure ya ji ƙarar motocin har ta ɓace.

Sai da damina ta kama Alhaji ya samu hanyar Bawku. A lokacin an riga an ba wani mutum gurbin nazarin, masauki kuma ya sake cika da 'yan doya daga Kpandai. Malam bai koma Yendi ba. In hadari ya taso, har yanzu yakan jera kwanonin a tsakar gida, baƙi kuwa su ɗauka ruwan sha yake tara musu, su yi masa godiya.