Ranar da na gaida Alhaji Barmu a tsaye

Ko na tsufa ba zan manta da Asabar ɗin da na gaida babban mutum a tsaye ba, hannuwana biyu riƙe da tsani. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambaya me ya sa ba mu wanke gilashin shagon wayoyi na bakin gudron, wato titin kwalta, alhali ya fi kowane shago tagogi a layin. Bakina ba ya iya dogon bayani, shi ya sa na rubuta muku.

Aikin na gaje shi ne daga yayana Mutari lokacin da ya tafi Yamai. Ya bar mini bokiti, soso, tsummoki, da raklet, wato robar nan mai mariƙi da ake jan ruwa da ita daga jikin gilashi. Ya kuma bar tsanin katako da ban taɓa hawa ba. Lokacin ina ajin ƙarshe na kwalaji, shekarar jarrabawa, don haka Laraba da yamma da Asabar kaɗai nake fita. Baba ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: in wanke abin da hannuna ya kai daga ƙasa, ban da hawa. Ko bai hana ba ma, tsoron bisa nake ji.

Wurarena ba su da yawa: farmasi, wato kantin magani, ƙananan butik biyu na saye da sayarwa, sai shagon wayoyin nan na Alhaji Barmu, wanda shi ne babba. Bayan kaka Alhaji ya ɗora bene a kan shagon, ya sa manyan tagogi a sama. Ya aiko a faɗa mini ko in wanke sama da ƙasa, ko ya nemi wani. Dole ke nan in ɗauki mai hawa, ni da ko a aji ban cika ɗaga hannu ba.

Samari biyu sun zo. Na farko ya dube ni da rigar lakwal, wato ta makaranta, ya ce, “Ina patron ɗin?” Mai aikin yake nufi. Na biyu ya yi ta latsa waya ina magana, kuma na lura silifas ɗinsa sun suɗe, ba za su kama matakalar tsani ba. Na dai ƙi aika musu.

Inna Saddi a kan gawo na fara ganinta, bayan katangar makarantarmu, tana sarar wa awakinta ganye. Mutuniyar Kiyeshe ce, ta dawo gari bayan rasuwar mijinta, sa'ar mahaifiyata ko ta ɗan girme ta. Abin da na kula da shi ƙafarta ce. Ba ta ɗora nauyinta a kan reshe sai ta fara taɓa shi da yatsun ƙafa, ta danna, ta saurara. Kuma tana sa wando ƙarƙashin zane, ta ɗaure zanen tam. Na daɗe ina gaishe ta ina wucewa kafin in iya faɗin abin da ke raina. Da na faɗa, ta yi dariya har ta dafa icen.

“Ke ce patron? To, na yarda, ɗiyata. Amma ki ji nawa sharaɗi. In ina bisa, kak ki saki tsani. Ko uwarki ta kira ki, ki ce akwai mutum bisa.”

Na koya mata yadda muke yi: a fara share ƙura da busasshen tsumma, a shafa ruwan omo, a ja raklet daga sama zuwa ƙasa, a goge bakin robar bayan kowane ja. Kashin ƙuda kuma da farce ake kankare shi, ba da ƙarfe ba. Ta ce gilashi kamar ƙwaryar nono ne, mai ita ce kaɗai take ganin inda ba ta wanku ba.

Asabar ta farko muka je shagon Alhaji da hantsi. Ga waɗanda ba su san wurin ba: gaban shagon yashi ne mai gangara zuwa magudanar ruwa, kuma duk lokacin da babbar mota ta wuce a gudron ƙasa takan girgiza. Ƙafar tsanin ta hagu ba ta zauna daidai ba, sai na tokare ta da tawa ƙafa, na rungume shi da hannu biyu. Inna ta hau da ƙaramin bokiti rataye a hannu.

Ƴan kabu-kabu da ke jiran fasinja a inuwar dogon yaro suka fara.

“Inna, in kin faɗo, zuwa likita kyauta ne!”

“Ɗana, gyara birkin mashin naka tukuna,” ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. “Na ji shi jiya yana kuka kamar akuyata.”

Ana cikin dariya motar Alhaji ta tsaya. Ya fito, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a bencin ƙofar shago ya ce, “Ke, Zalika. Zo nan.”

Kun san yadda aka tashe mu. Babba ya kira ka, ka cire takalmi ka je ka durƙusa kafin ma ka ji abin da zai ce. Ƙafata har ta fara motsi da kanta. Sai na ji tsanin ya ɗan zame a tafin hannuna, kaɗan, kamar numfashi. Na mayar da ƙafar.

“Ina kwana, Alhaji,” na ce daga inda nake.

“Na ce ki zo.”

“Ba ni iya zuwa, Alhaji. Akwai mutum bisa.”

Alhaji ya ce, “Mi kika ce? Ɗiyar Malam Tahiru ce ke amsa mini a tsaye? To sauko da ita. Mace, kuma tsohuwa, bisa ƙofar shagona, maza na shiga ta ƙarƙashinta? Ga Sabi'u ɗan ƙanena yana zaune ba aiki. Ki ɗauke shi, aikinki na nan. In ba haka ba, kin gama.”

Na ji Inna ta sauko mataki ɗaya. Ta yi magana a hankali, ni kaɗai na ji. “Bari in sauka, ɗiyata. Kak ki rasa babban wurinki sabili da ni. Ina da awakina.”

Ina kallon diddigenta daidai fuskata, da kaushi, da ɗan zaren da ta ɗinke ƙafar wandonta da shi. Ni na je na tsaya ƙarƙashin gawo na roƙi matar nan. Ba ita ta neme ni ba. Ban san daga ina muryar ta fito ba, amma har masu shayi na tsallaken gudron sun juyo.

“Inna, koma ki ƙarasa tagar!” Sannan na ce, “Alhaji, ni na ɗauke ta, kuma ban sallame ta ba.”

Inna ta koma. Ta ƙarasa tagar nan a natse, har kusurwoyi, Alhaji yana zaune, ni ina tsaye. Sai da ƙafarta ta taka yashi na saki tsanin, na cire takalmi, na je na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Bai amsa ba. Ya ce mu kwashe kayanmu.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba yana zaune a zaure. Na durƙusa ina jiran faɗa.

“Da kin saki fa?” ya ce.

“Da ta faɗo, Baba.”

Washegari na tarar ya yanko tsohuwar taya ya buga wa ƙafafun tsanin da ƙusa, don kada su ƙara zamewa. Robar nan da kuke gani har yau ita ce.

Aikin Alhaji bai dawo ba, kuma ban je roƙo ba. Mun sha wuya a watannin nan, har sai da wani buro, wato ofis, da wata makaranta suka kira mu. Ina gaishe shi a durƙushe duk lokacin da na wuce, yanzu yana amsawa. Na daɗe ina ɗaga kai in dubi tagar nan guda da Inna ta wanke, tana haske ita kaɗai cikin sauran, har ƙurar motoci ta daidaita su.

Abin da na koya shi ne, wanke gilashi kowa yana iya koyo cikin mako. Ɗaukar mutum shi ne aikin. Ranar da ka ce wa wani ya hau, ka yi alkawarin kana ƙasa, kuma za a samu wanda zai kira ka daidai lokacin, wanda ba a ƙin amsa masa. Ku gaishe shi da ladabi, ku bar hannunku inda yake. Inna Saddi har yanzu ita ke hawa, har yanzu tana ce mini patron don ta ga na sunkuyar da kai. Ni kuma ko wa ya kira ni, amsata ɗaya ce: akwai mutum bisa.