Ranar Da Hajiya Ta Tafi Cefane A Guangzhou

Shekarun baya, lokacin ina aikin turo wa 'yan kasuwar Kano kaya daga Guangzhou, ina haya a wani tsohon bene da gwamnati ta gina wa ma'aikata, taku kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei. Wata safiya muka tashi muka ga an manna takarda a bakin ƙofa. Abokina, ɗalibi ɗan Nijar da ya iya yaren mutanen garin, ya karanta min: za a sabunta gidajen, a sa musu lifta, kuma masu gida su zaɓa, ko a sare bishiyoyin tsakar gida a yi wurin ajiye motoci, ko a bar filin don masu tafiya a ƙasa.

Matar da nake haya a gidanta ta koma Panyu wajen ɗanta. Ta aiko min cewa tunda ni ke zaune, in zaɓa, ita sai ta sa hannu. Ban ko yi dogon tunani ba na ce mota. Abokina ya dube ni ya ce, "Alhaji, wace motar?" Ko keke ba ni da shi a lokacin, amma dai a ganina gidan da ba wurin fakin bai cika gida ba.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo a duba mata gwiwa. Likita ya ce ta riƙa ɗan takawa kullum. Wata rana na dawo daga ofis a Tianxiu da azahar, na tarar ba ta nan, wayarta na kan gado. Matar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren garin! Na sauko a guje, na leƙa tasha, na zaga unguwar Dengfeng ina nuna hotonta a shaguna, kowa sai ya girgiza kai ya ce "meyyo", wato babu.

Ina dawowa, sai ga ta zaune a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, suna gyaran alayyafo a faranti ɗaya.

Na ce, "Hajiya, ina kika shiga? Hankalina ya tashi!"

Ta ce, "Kasuwa mana. Ga ta can bayan tasha. Wannan baiwar Allah ce ta nuna min hanya."

"Da wane yaren kuka yi magana?"

"Da yatsa." Ta ci gaba da tsinke ganyenta, sannan ta ce, "Kai, ka san rabona da in je cefane da ƙafata? Tun da ƙaninka ya mayar da ni sabuwar unguwa. Ko gishiri nake so sai na jira a zo a kai ni."

Daga ranar na fara lura da filin nan. Ashe da safe tsofaffi na motsa jiki a wurin, masu zuwa aiki na ratsawa zuwa tasha, da yamma mata su fito da jarirai. Shekara biyu ina wucewa, ban taɓa tsayawa na duba ba. Na sa abokina ya kira matar da nake haya a gidanta ya ce na canza shawara. An yi ta cacar baki a taron mazauna benen, don masu motar ma suna da gaskiyarsu, sukan yi ta zagaye suna neman wurin tsayawa. A ƙarshe aka ware musu gefen ƙofa, bishiyoyi suka tsira.

Har yau abin na ba ni mamaki, yadda muke gina gida mu fara auna motar kafin mu tuna da mai tafiya a ƙasa. Da na tashi sayen fili a Kano, dillali ya yi ta yabon faɗin titi. Na ce ya kashe motar, mu taka zuwa masallaci da wajen mai kayan miya tukuna. Kafin mu isa rabin hanya, shi da kansa ya ce akwai wani filin.