Rabin Katin Ajiya

Shekara talatin da biyu muka yi tare a otal ɗin da ke kallon babbar tashar jirgin ƙasa, ni a ɗakin guga, shi a ƙarƙashin matakala, inda baƙi ke barin kaya. Ajiya kowa ke ce masa, har matarsa. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Mai guga, rigar wa ka ƙona yau?" In ce, "Ta tsohon da ya ƙare a gadin akwatin mutane."

Idan ka kawo kaya, sai ya rubuta lamba sau biyu a kati, ya yaga, ya ɗaura rabi a jikin kayan, ya ba ka rabi. Ko ɗan wa kake, ba ka karɓar komai sai rabi ya haɗu da rabi.

Wata mata ta taɓa kwana biyu a ɗaki na tara, da tsohon ciki da keken ɗinki na hannu. Mijinta ya rasu, za ta koma wurin danginta, ba ta iya ɗaukar keken. Na mahaifiyarta ne. Ta ce, "Baba, zan dawo." Ya ce, "Ko bayan shekara goma ne, 'yata, za ki same shi." Shekara shida yana ɗiga masa mai duk farkon wata.

Sai yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce sai an yi aiki. A lokacin mai otal ya rasu, ɗansa ke riƙe da wurin, wanda Ajiya ya sha ɗorawa a wuya yana nuna masa jirgi. A gabana Ajiya ya miƙa masa makulli ya ce, "Komai ka taɓa, ban da keken nan."

"Haba Kawu, ni da kai? Ko ƙura ba za ta hau shi ba."

Bayan mako uku Ajiya ya dawo da sabon tabarau. Abin da idonsa ya fara gani tar shi ne firjin lemo a ƙarƙashin matakala. Ɗan mai otal ya ce, "Kawu, shekara shida fa. Ko ta mutu ko ta manta. 'Yan gwangwan sun kwashe." Aka ba Ajiya kujerar gadi a bakin ƙofa.

Wata huɗu bayan haka, da hantsi, sai ga matar. Ta kwance bakin zaninta ta fito da rabin kati, ya yi laushi kamar tsumma. Ɗan mai otal na zaune a kanta yana latsa waya, bai ɗago ba. Ajiya ya dube shi, ya jira. Sannan ya ce, "Ni na ɓatar, 'yata."

Ta sa katin a tafin hannunsa ta ce, "Na ɗauka kai daban ne, Baba."

Daga ranar bai sake tambayata rigar wa na ƙona ba. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu.

Matarsa ta kawo mini rigunansa in wanke kafin a bayar. Mai wanki ba ya jiƙa riga sai ya laluba aljihu. A na ƙirji na sami rabin katin matar nan, lamba arba'in da ɗaya, da rubutun hannunsa. Yana nan a wurina. Allah ya jiƙanka, aminina. Ni shaida ne, ba kai ka ɓatar ba.