Jiƙaƙƙen Sawu a Matakalar Tafki

Shekarun baya, bayan babban farin nan da ya cinye shanu, tafkin garinmu Waca ya janye har tsakiyarsa ta tsage. Kafin damina aka zagaye bakinsa da siminti, aka yi matakala, aka dasa itatuwan bedi, aka gina rijiya can gefe. Likita ya ce mai kurkunu kada ya sake taka ruwan, don ta nan cutar ke komawa cikin randunan gari.

Lokacin na dawo hutu daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, sai aka ba ni aikin bin gidaje ina faɗa wa mata. Har waƙa na tsara a kai. Ba wadda ta haddace sai ni.

Tafki na cika, sai ga kurkunu a idon sawun mahaifiyata. Kullum rana tsaka, in zogi ya taso, sai ta miƙe ta nufi tafki tana jan ƙafa, ido buɗe amma kamar ba ta ganin kowa. Rannan na sha gabanta a kan matakala, na ce in ta shiga, baɗi rabin gari zai kwanta lokacin noma. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ba ni ke son ruwan ba. Shi ke ja na gidansu."

Na riƙe bakin zanenta muka koma. Daga nan kullum sai in kawo ruwa a ƙwarya ta tsoma ƙafar, kurkunun ya leƙo kamar farin zare, ta naɗe shi a tsinke. Ni kuma in kai ruwan bayan gari in zubar a yashi mai zafi.

Ranar da ƙarshensa ya fita, na dawo daga zubar da ruwan ta bakin tafki da ƙwarya wayam. Ba kowa, ko tsuntsu. A kan simintin da ke ƙona ƙafa na ga jiƙaƙƙen sawu, ɗaya cikakke, ɗaya na jan ƙafa. Daga bayan gari ya taho, ya sauka matakala ya shige ruwa. Ina kallo ya bushe.

Da na gaya mata, cewa kawai ta yi, "To, ya kai kansa. Ɗauko mini fartanya."

Ba ta sake yin kurkunu ba, a hankali kuma ya bar garin. Har yau ina son inuwar bedin nan, amma in rana ta take, nakan janye ƙafafuna cikin zane.